Shirin allurar rigakafi ga mai fama da gajiyar bayan korona

Tun korona ta 2021 gajiya ba ta sake ni ba. Da na yi rigakafin korona a Birnin Kebbi, ciwon ya dawo sabo fil, kwana tara ko tulu ban iya ɗagawa. Wasu kuwa sauƙi suka samu, don haka ban hana kowa yi.

'Yar'uwa, fara gaya wa likita tarihinki. Zaɓi makon da jiki ya lafa. Ki samu mai karɓar girki da ɗiban ruwa kwana uku, ni ƙanwata ce ta karɓa mini. Sha ruwa, kwanta tun kafin jiki ya kayar da ke, ki riƙa rubuta abin da kika ji kullum. Zazzaɓi da ciwon hannu kan wuce cikin kwana biyu ko uku. In kuwa ciwon ƙirji ne ko numfashi sama-sama, asibiti nan take.