Kurakuran da aka fi yi wajen koyar da labari cikin waƙa

Akwai littattafan da labari ne cikakke, da taurarinsa da ƙullinsa da warwararsa, amma an zuba shi a gajerun layuka kamar waƙa. 'Yan sakandare sukan so su, don shafin ba ya ba su tsoro, rabinsa fili ne. Mu malamai ne muke ɓata rawarmu da tsalle tun a darasin farko.

Babban kuskuren shi ne malam ya shigo aji da jarrabawar WAEC a ransa. Yara ba su san wa ke magana ba, ba su san abin da ya same shi ba, an tsayar da su a layi na uku ana farautar adon harshe irin su kamantawa da jinsintarwa. Mako biyu ana shafi biyar, har kowa ya manta labari ake bi. Maganinsa, a karanta shafi goma ko sha biyar a jere, da murya, ɗalibai suna karɓa-karɓa. Sannan a tambaye su wa ke magana, me kuma yake ƙin faɗa. Adon harshe ba gudu zai yi ba, a dawo masa daga baya.

Sai batun amsa-amo. Mu a Kabi kunnenmu ya saba da baiti mai kari da ƙafiya, ƙasar Malam Abdullahi na Gwandu ce, kuma Aƙilu Aliyu ɗan Jega ne. To, galibin irin waɗannan littattafai, musamman na Turanci da ake bugawa a Amurka, ba su ɗaure kansu da ƙwar biyu ko ƙwar biyar ba, wato baiti mai layi biyu ko biyar. Na taɓa jin wani malami ya ce wa ajinsa, "Wannan ai zube ne aka yayyanka." Daga ranar yaran suka raina littafin. Da ya tambaye su me ya sa marubucin ya yanke layi a nan, ya bar kalma ɗaya tilo a ƙasa, da sun ji inda numfashin mai magana ya sarƙe.

Wannan ne ma ya sa kwafa a allo ke buƙatar kula. Littafi ɗaya ne, aji ya cika maƙil, sai malam ya haɗe layuka huɗu a layi guda don allo ya isa. Ya share rabin ma'anar ke nan bai sani ba. Gara a kwafi shafi ɗaya yadda yake, da giɓinsa, ko da sauran sai an karanto da baki.

Aikin gida kuma kada kullum ya zama "yi sharhin jigo da salo". A ce kowa ya rubuta layi goma sha biyu da bakin wani, misali yaron da ya riƙe wa babansa gora a bakin Matan Fada ranar kamun kifin Argungu, ko yarinyar da ta dawo daga kasuwa kuɗin tallarta bai cika ba. Washegari a karanta uku a gaban aji, ba tare da an faɗi sunan masu su ba.