Yadda Ake Gane Shekarun Kufai Daga Tarkacen da Jiragen Ruwa Suka Kawo

Idan kufan da kake bincike bai wuce shekara 500 ba, aikinka ya zo da sauƙi, domin kayan Turai sun bi jiragen fatake da 'yan mulkin mallaka zuwa ko'ina, kuma an san lokacin da aka ƙera yawancinsu.

Da farko ka nemi izinin hukumar adana kayan tarihi da na mutanen wurin. Sai ka ja igiya ka yanka filin gida-gida, ka riƙa kankare ƙasa da cokalin magina hawa-hawa, kana tankaɗe ta da rariya. Kowane hawa da jakarsa da lambarsa. Wanda ya zube tarkacen sama da na ƙasa a buhu ɗaya ya yi aikin baban giwa.

Daga nan sai tantancewa. Ni dai na fi son farawa da guntayen lofen farin yumɓu, don abu ne mai araha da saurin karyewa, ba ya daɗewa a hannu kafin a yar. A 1954 J. C. Harrington, wanda ya yi tono a Jamestown ta Amurka, ya lura cewa ramin bututun lofen Ingila yana ta ƙanƙancewa tun daga wajen 1590 har zuwa 1800, daga kashi 9 cikin 64 na inci zuwa kashi 4. Ka samo bakunan injin huda masu girma daban-daban, ka zura a kowane guntu a hankali har ka ga wanda ya shige daidai, ka rubuta. Amma fa guntu biyar ko goma ba za su isa ba, sai da yawa. Kuma ma'aunin bai hau kan lofen Holan ba.

Kwalba kuwa, ka bi layin haɗinta da yatsa. In ya zarce har saman baki, inji ne ya yi ta, wato galibi bayan 1903. Tangaran sai ka kifa shi: sunan ƙasa a gindi galibi yana nuna bayan 1890, shekarar da Amurka ta kafa dokar sa shi a kayan da ake shigar mata.

Abin da ya fi sabunta a hawa shi ke yanke hukunci. Kwabon 1850 yana nufin ba a binne hawan kafin 1850 ba, amma yana iya shekara 30 yana yawo a aljihu.

Matakin da ake yawan tuntuɓe shi ne fassara. Ganin farantin Turai ba ya nuna Bature ne ya ci tuwo a ciki. A Elmina ta Gana, inda Fotugis suka gina ganuwa a 1482, Ingila kuma ta ragargaza garin a 1873, Christopher DeCorse ya tono tangaran da kwalabe da duwatsun ado na waje birjik, amma ya gano mutanen garin na wancan zamani sun ci gaba da binne mamatansu a ƙarƙashin daɓen ɗaki kamar kakanninsu. Don haka ka auna tsingaron tukwanen gida da ƙasusuwan abincin da ke gefen farantin kafin ka rubuta ko su waye suka zauna a gidan.