Yadda Ake Tattara Buƙatun Manhaja ta Hanyar Yanayin Amfani

Kafin mai rubuta manhaja ya taɓa kwamfuta, wajibi ne ya zauna da waɗanda za su yi aiki da manhajar. Dabarar da Ivar Jacobson, injiniya ɗan ƙasar Suwidin, ya gabatar a 1987 ita ce a rubuta kowane aiki a matsayin yanayin amfani guda, wato bayanin abin da mutum yake nema da yadda manhajar za ta amsa masa.

A ƙaddara wani dillalin hatsi a kasuwar Dole ta Damagaram yana son manhajar lissafi. Ka fara tantance masu hulɗa da ita, wato shi Alhaji, yaron shago da mai kula da sito. Sannan ka ɗauki buƙata ɗaya, kamar sayar da gero bashi, ka rubuta matakanta bi da bi: yaron shago ya zaɓi sunan mai saye, manhaja ta nuna tsohon bashinsa, ya shigar da adadin buhuna, ita kuma ta rage su daga sito.

A ganina, aikin gaske yana wurin da ciniki ya kauce hanya, domin ba kasafai mutane ke faɗar wannan ba sai an tambaye su. Ka ce masa, "Alhaji, idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar ciniki fa, ko kuwa mai saye ya biya rabi da sefa, rabi da naira?" Kowace amsa ka rubuta ta ƙarƙashin matakin da ta shafa. Ka kuma lura cewa idan ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi.

Daga ƙarshe ka karanta masa takardar a gaban yaron shagon, su gyara, kafin ya sa hannu.