In birkin motarka yana kuka, ga abin dubawa

Da farko ka saurara da kyau, yaushe yake kukan? In da safe ne kawai kuma ya daina bayan ka taka sau biyu uku, tsatsa ce ko ƙurar hunturun nan ta Kano, ba komai. Amma in duk lokacin da ka taka sai ya yi tsiii, to ka ɗaga motar da jak, ka sa dutse a bayan tayar da ke ƙasa, ka kwance wadda ka ɗaga ka leƙa takalmin birkin (abin da ke matse faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya), in kaurinsa bai wuce milimita 3 ba ya gama aiki, wani ɗan ƙarfe ne a jikinsa yake gogar faifan don ya sanar da kai. Ka canja na ɓangare biyun tare.

In takalmin da sauran kauri a jiki sai dai ya yi sheƙi, a goge shi da samfefa, a wanke ƙurar, a shafa giris a bayansa da fil ɗin kalifa (ƙarfen da ke riƙe da takalmin yana matse shi a kan faifan). Dan Allah kar giris ya taɓa fuskarsa, wallahi birki zai ƙi kamawa.

Ka shafa faifan bayan ya huce, in ka ji rami-rami sai bakanike. In za ka sayi takalmin a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano kuma kar araha ta ja ka, mai arhar ya fi yin kukan nan.