Yadda Ake Mayar da Wasan Dandamali Shirin Talabijin

Kafin a taɓa kyamara a nemi izini, kuma izinin biyu ne: na littafin asali da na wasan da aka ciro daga cikinsa. Ɗauki Shaihu Umar. Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta littafin, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo. A dokar Najeriya haƙƙin marubuci yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa, Tafawa Ɓalewa kuwa ya rasu a 1966, ke nan dole a nemi masu haƙƙin, a yi yarjejeniya a rubuce. A kuma tuntuɓi Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano tun labari yana kan takarda, don gyaran biro ya fi sake ɗauka araha.

Rubutu shi ne ƙashin bayan aikin, kuma nan aka fi yin tuntuɓe. Dandamali ba ya ɗaukar ayarin raƙuma ko harin mahaya, shi ya sa marubucin wasa yake sa irin waɗannan a bakin ɗan wasa ya ba da labari. Mai kallon talabijin gani yake so. Don haka a ajiye littafin da wasan gefe da gefe, duk inda wani ya ce "na je, na gani", a sa alama, a koma littafin a ɗauko abin da ya gani ɗin a nuna shi. Fitowar da ta ci minti 15 a zaure ɗaya a tsinka ta gida huɗu ko biyar, wani yanki a soro, wani a bakin rijiya, wani a hanya. Shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne, shirin rabin awa kuma bai cika wuce minti 25 ba idan an cire talla. Kowane kashi ya tsaya a inda ran mai kallo zai biya.

'Yan wasan dandamali sun saba ɗaga murya da ware hannu saboda na kujerar baya. Idan kyamara ta matso fuska, wannan sai ya zama ihu. A yi atisaye a gaban kyamara, a nuna musu hoton kansu, ɗaga gira kaɗai ya isa.

Wurin ɗauka a Kano yana buƙatar ido. Gidan Makama, Gidan Ɗan Hausa da marinar Ƙofar Mata suna ba da kamannin da, amma sai da izinin masu kula da su, kuma a duba kwanon rufi, wayar lantarki da leda kafin a kunna kyamara. Sauti ya fi hoto wahala: ƙarar Adaidaita Sahu da janareta suna shiga ko'ina. A kai janareta nesa da doguwar waya, a tsara hutu daidai lokutan salla. Shadda mai sitaci tana ƙara idan ta gogi ƙaramin makirfo na ƙirji, gara saƙi ko rini mai laushi, wanda ma ya fi dacewa da zamanin labarin.

A ɗauki fitowar waje da safe kafin ƙarfe 10 ko bayan La'asar, rana tsaka tana duhunta ido a ƙarƙashin rawani. A saita kyamara a hoto 25 cikin daƙiƙa, shata, wato ƙofar da ke barin haske ya shiga kyamara, a 1/50 na daƙiƙa, in ba haka ba fitilu za su riƙa ƙyaftawa a hoton saboda wutar lantarkinmu mai 50Hz ce, wato tana juyawa sau 50 cikin daƙiƙa. Sannan a ba mutum ɗaya aikin amfani da wayar hannu wajen ɗaukar hoton naɗin kowane rawani da zaman kowace riga, domin fitowar da aka fara yau ana iya ƙarasa ta bayan mako biyu.