Jerin jira a manyan jami'o'in Amurka: kurakuran da ɗalibai suka fi yi

A ƙarshen watan Maris zuwa farkon Afrilu yawancin manyan jami'o'in Amurka ke sanar da masu neman gurbin digiri na farko matsayinsu. Wasu a ɗauke su, wasu a ba su haƙuri, sai rukuni na uku da ake ce wa su zauna a jerin jira, in gurbi ya samu za a neme su. Waɗannan na ukun sun fi ba ni tausayi. Wanda aka ba haƙuri ya san inda ya kwana, shi kuwa mai jira hankalinsa ya rabu biyu, kuma a irin wannan hali ne ake tafka kuskuren da kan ci wa mutum shekara guda.

Kuskure mafi girma shi ne ɗaukar jerin kamar layi, in na gabanka ya wuce sai kai. Yawancin jami'o'in da ke tsananta zaɓe ba sa jera sunayen daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Jami'a ta san ba duk wanda ta ɗauka ne zai zo ba, domin ɗalibi mai ƙwazo kan samu gurbi a wurare da dama. Saboda haka takan ɗauki fiye da kujerunta, bisa hasashen mutum nawa za su amsa. A ce, alal misali, tana da kujeru 1,600 sai ta ɗauki mutum 2,000 da tsammanin kashi 80 cikin ɗari za su zo. Idan kashi 77 suka amsa, an samu giɓin kujeru 60. Idan kashi 81 ne, aji ya cika har ya tumbatsa, ba wanda za a kira. Ɗan wannan bambancin ne ke riƙe da makomar dubban masu jira, kuma ko ma'aikatan ofishin ɗaukar ɗalibai ba sa sanin yadda za ta kaya sai bayan 1 ga Mayu, ranar da aka saba tsayarwa don kowa ya faɗi inda ya zaɓa.

Ko an samu giɓin ma, ana duba irinsa. Wataƙila sashen injiniya ne bai cika ba, ko ƴan wani yanki ne suka yi ƙaranci. Wanda ya dace da wurin da ya buɗe shi ake kira, ko da akwai wanda ya fi shi maki. Don haka kada ka ɓata lokaci kana tambayar su kai ne na nawa.

Daga nan sai kuskuren dogara da alƙaluman shekara ɗaya. Binciken da ƙungiyar masu ba da shawara kan shiga jami'a ta Amurka, NACAC, ta fitar a 2019 ya nuna cewa a matsakaici ana ɗaukar kusan kashi 20 cikin ɗari na waɗanda suka yarda su jira, amma a jami'o'in da suka fi tsanani kusan kashi 7 ne kacal. Wannan hoto ne na gaba ɗaya. Abin da zai amfane ka shi ne na jami'ar da kake nema. Yawancinsu na wallafa wata takarda kowace shekara mai suna Common Data Set, kuma a sashen C2 za ka ga mutum nawa aka yi wa tayin jira, nawa suka yarda, nawa aka ɗauka a ƙarshe. Ka duba na shekara huɗu ko biyar a jere. Za ka ga jami'a ɗaya ta ɗauki mutane da yawa bana, baɗi ba ta ɗauki kowa ba. Ka yi hattara da 2020: annobar korona ta sa ɗalibai da yawa sun ɗage zuwa, jami'o'i suka ɗebo daga jerin fiye da yadda suka saba, don haka shekarar ba ma'auni ba ce.

Wanda ya fi ciwo a wurina shi ne ɗalibin da ke da gurbi a hannu a wata jami'ar, ya bari 1 ga Mayu ta wuce bai biya kuɗin kama guri ba, wai yana jiran wadda ransa ya fi so. Wannan sakin reshe ne a kama ganye. Ka biya a jami'a ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗauke ka, ka nemi ɗakin kwana, ka yi duk abin da sabon ɗalibi ke yi. Ƙa'ida ta yarda ka ci gaba da zama a jerin jiran wata jami'ar bayan ka biya. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne kama guri a jami'o'i biyu da suka riga suka ɗauke ka. Kuɗin yakan kai ɗaruruwan daloli kuma galibi ba a mayarwa, sai ka ƙudurta tun yanzu cewa za ka iya rasa shi.

Akwai kuma masu mantawa cewa sai an amsa tayin. Ba a sa sunanka haka kawai, sai ka shiga shafinka na jami'ar ka danna cewa ka yarda kafin wa'adi ya cika.

Batun wasiƙa nan ma ana ɓata rawa da tsalle. In jami'ar ta ba da dama, wasiƙa ɗaya ta isa, kada ta wuce shafi guda. Ka faɗi abin da ya ƙaru tun bayan da ka tura takardunka: sabon sakamako, wata kyauta, wani aiki da ka kammala. Ka ambaci darasi ko sashen da ya sa kake son wurin, da sunansa. In da gaske ne za ka zo muddin aka kira ka, ka faɗa ƙarara, domin a wannan mataki jami'a na neman wanda ba zai ce a'a ba. In ba haka ba ne a ranka, kada ka rubuta. Saƙo kowane mako, ko sa iyaye su yi ta buga waya, ko tura kyauta, ba ya ƙara komai sai gundura. Wasu jami'o'in ma sukan ce kada a turo ƙarin komai, to ka bi maganarsu. Kuma kada ka yi sanyi da karatun zangon ƙarshe, don ana iya neman sakamakonsa.

Kuɗi shi ne abin da ake jin nauyin tambaya, alhali ya kamata a tambaya. Jami'o'in da ba sa duba ƙarfin aljihun ɗalibin ƙasar waje lokacin zaɓe ƙalilan ne, irin su Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst. A wurare da yawa, kafin a zo kan jerin jira an riga an raba mafi yawan kuɗin tallafi, sai mai buƙatar cikakken tallafi ya ga damarsa ta ƙara raguwa. Ka rubuta wa ofishin tallafi ka ji ko ana ba waɗanda aka ɗauko daga jerin, ka kuma ajiye takardun kuɗin iyayenka a shirye.

Shirin yana da muhimmanci ne saboda in kiran ya zo ba a ba da lokaci mai tsawo, sau da yawa kwana biyu ko uku ne. Yakan zo a watan Mayu ko Yuni, wani lokaci har Yuli ko Agusta, lokacin da wasu da suka biya suka fasa zuwa. Ga ɗalibin ƙasar waje, jinkirin na nufin neman takardar I-20 (takardar da jami'a ke bayarwa don neman bizar karatu) daga sabuwar jami'ar da daidaita bizar F-1, wato bizar ɗalibi, cikin ƙurarren lokaci. Ku zauna da iyayenka tun a Afrilu ku tsayar da magana: nawa za ku iya biya, kuma wace rana ce in ta wuce ba za ka ƙara sauya jami'a ba. Ka riƙa duba imel har da akwatin tarkace, wayarka kuma ta zauna a kunne. In ka karɓi sabon gurbin, ka sanar da jami'ar farko a ranar cewa ka janye, domin kujerar da ka bari wani ne ke can yana jiran ta.