Yadda Ake Zaɓen Rufin Haƙori da Ba Zai Cinye Haƙoran Asali Ba

Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori, wanda likitoci ke kira inamel, shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, domin kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adinai ne. Amma idan ya goge ba ya sake tsirowa, kuma galibi sai likita ya kankare kimanin rabin milimita daga gare shi kafin ya manna siririn rufi a fuskar haƙori. Saboda haka wajibi ne mutum ya yi tambayoyi tun kafin a taɓa masa haƙori.

Tambaya ta farko ita ce da me za a yi rufin. Rufin kwamfosit, wanda haɗin roba ne da garin gilashi, ya fi araha kuma ana iya gama shi a zama ɗaya, sai dai bai kai inamel tauri ba, yana saurin gogewa, goro da shayi suna rina shi, kuma yakan buƙaci gyara ko sauyi bayan shekara 5 zuwa 7. Rufin tangaran ya fi inamel tauri, ba ya saurin rini, yakan kai shekara 10 zuwa 15 idan an kula da shi. Zirkoniya kuwa, wadda wani nau'in tangaran ce mai ƙarfi sosai da ita ma ake yin rufi da ita, ta ninka inamel tauri kusan sau uku.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure, suna zaton mafi tauri shi ne mafi alheri. Rufi ba shi kaɗai yake cikin baki ba. Kullum yana gogayya da haƙorin da ke fuskantarsa, kuma abin da ke cinye wannan haƙori shi ne kaushin fuskar rufin, fiye da taurinsa. Tangaran da aka kankare ba a sake goge shi ba yana cin inamel kamar yadda dutsen wasa ke cin wuƙa, alhali zirkoniyar da aka goge sumul ɓarnarta kaɗan ce duk da taurinta. Don haka idan likita ya rage tsayin rufi bayan mannawa domin cizo ya daidaita, a roƙe shi ya goge wurin har ya yi santsi. A ganina babu matakin da ya fi wannan muhimmanci, kuma shi ne mara lafiya ya fi mantawa ya tambaya.

Wanda ke gurza haƙora cikin barci ya sanar da likita tun farko, domin a yi masa robar kariya da zai riƙa sawa da dare, in ba haka ba tangaran na iya tsagewa.

Bayan an manna, a yi amfani da buroshi mai laushi da man goge baki marar kaushi, a guji gawayi da toka domin suna karce rufin kwamfosit da inamel baki ɗaya. Kada a buɗe kwalba ko a fasa ƙashi ko a ɓare rake da haƙoran gaba. Idan an sha lemun kwalba ko wani abu mai tsami, a kurkure baki da ruwa, a jinkirta gogewa na kimanin minti 30, domin tsami yana tausasa inamel ɗin da ya rage a gefen rufin.